Babbar Riga a Kan Lilon Waya

Shekarun baya, lokacin da Babbar Sallah take faɗowa bayan an gama girbi, na taɓa rataya tsakanin sama da ƙasa a bayan garinmu, da buɗaɗɗiyar wuƙa a hannuna, rabin gari suna yi min ihun in yanka. Abin da ya tuno min da zancen shi ne, shekaranjiya maƙwabcin rumfata a kasuwar Dawanau ya nuna min bidiyon masu yawon buɗe ido a saharar Larabawa. An ɗaure mutum a jikin waya an sake shi, yana ta sulalawa a sama yana dariya kamar an yi masa albishir. Ya ce wai in Allah ya kai shi can sai ya hau. Na ce masa ja benci ka zauna in ba ka labari tukuna.

Amma kafin mu kai ga wayar, sai na fara da mahaifiyata, don in ba ku san ta ba, ba za ku gane komai ba.

Ni ne ɗanta na fari. Duk wanda ya taso a ƙauyukanmu ya san abin da hakan yake nufi a wurin matan da. Ba ta kiran sunana, ba ta zama inda nake zaune, ba ta haɗa ido da ni. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata. Gida ɗaya muke kwana, amma in ta sauke tuwo sai in ji ta ce wa ƙanwata, "Ki gaya wa wancan abincinsa na nan." Wancan. Shi ne sunana a bakinta har na yi aure, har na tara 'ya'ya. Akwai wani mai tallan manja da yake zagayowa garinmu a kan keke, sunanmu ɗaya da shi. Saboda ni, bawan Allah shi ma ya rasa sunansa a gidanmu, ya koma "mai jarka".

Na san kunya ce, kowa ma ya sani. Kakata ta sha gaya min cewa wadda ba ta kiran ka ita ta fi kowa jin motsinka. Kaina ya yarda da wannan magana, zuciyata ce ta ƙi. Ina kallo za ta jawo autanmu jikinta tana yi masa kirari, ni kuwa ko zazzaɓi ne ya kayar da ni, sai dai in ga kunu ya iso a hannun wani. Ba zan ɓoye muku ba, abin yana ci min rai, har bayan na yi gemu.

To, ina da wani aboki tun muna kiwon awaki tare. Shi Allah ya yi masa ƙafar yawo. Ya tafi ƙasar Larabawa neman abinci, ya samu aiki a wani sansani a cikin sahara inda ake kai baƙi shan iska. Aikinsa shi ne ɗaure mutane a jikin irin wannan waya. Da ya dawo gida, wasu suna dawowa da dabino da agogo, shi sai ya dawo da ƙatuwar jaka cike da bel-bel da ƙugiyoyi da hulunan kwano, da kuma wani tunani a kansa da ya hana shi barci.

A bayan garinmu akwai wani faffaɗan rafi. Da rani babu ko ɗigon ruwa, sai yashi fari fat. Masu tifa sun yi shekaru suna kwasar yashin har wurin ya yi zurfi ya ƙara faɗi, mutanen gari suka sa masa suna Sahara. A tsakiyarsa sun kwashe yashin ƙaf har sun tarar da duwatsu, baƙaƙe masu kaifi. Ta ɓangaren gari akwai dutse mai tsayin gaske, a ƙetare kuma akwai wani tsohon rimi a bakin gonar marigayi mahaifina. Abokina ya dubi dutsen, ya dubi rimin, ya ce, "Mutumina, wallahi ga sahara Allah ya kawo mana har gida."

Ya kafa ƙarfe da siminti a kan dutsen, ya ja waya mai kaurin babban yatsa har jikin rimin. Ba wasa ya yi ba, ya san aikinsa. Ya yi ta gwadawa da buhunan gero, suna tashi daga dutse su sauka a gindin rimi lafiya lau. Shi da kansa ya hau ya sake hawa. Mutane suka sa wa abin suna lilon waya, rabi suna cewa ya zo da ci gaba, rabi suna cewa zafin Larabawa ne ya taɓa masa kai.

Da ya je wurin dagaci neman izinin buɗewa da Sallah, dagaci ya ce masa, "Buhu ba shi da uwa, kai kuma ka saba. Sai na ga magidanci ɗan gari ya hau a gabana ya sauka da ƙafarsa, sannan in bar 'ya'yan mutane."

Wa kuke jin ya zo ya samu? Ni kuwa bakina bai iya cewa a'a ba, musamman in an fara da "kai kaɗai na yarda da kai". Ya ɗora ni a kan sikelin da nake auna wake, ya duba, ya taɓe baki. Ya ce, "Kai ko rabin buhu da ƙyar ka haura. Marasa nauyi su ne suke tsayawa a hanya. Amma in ka dunƙule jikinka ka ɗaga gwiwa, za ka kai." Muka tsayar da washegarin Sallah, bayan azahar.

Ranar da safe ina tsakar gidana ina yanyana naman layya da wata 'yar wuƙa mai ninkewa da na aro a wurin maƙwabcina, sai ga ƙanwata. Ta tsuguna ta gaishe ni, ta ce, "Yaya, Inna ta ce a gaya wa wancan, mai 'ya'ya ba ya hawa lilo."

Na ajiye wuƙar na dube ta. Na ce, "Ita ta ce?"

"Ita ta ce."

"To ki ce mata na ji."

Wallahi tallahi, da ta aiko a kira ni, ta faɗa min da bakinta, ko da bayanta ta juya min, da ban hau ba. Amma saƙon ya zo ta hanyar da ya saba zuwa. Na ce a raina, wancan ɗin zai hau. Na wanke wuƙar na ninke, na jefa a aljihu da niyyar in biya in mayar wa mai ita.

Sai kuma maganar tela. Allah ya shirya telolin Sallah. Na kai masa shadda tun da wuri, babbar riga da 'yar ciki da wando. Daren Sallah ya miƙo min babbar riga da wando, ya ce 'yar cikin saura maɓalli, in dawo. Maɓallin da har yau ban gani ba ke nan. Na duba kayana babu wadda ta shiga da kalar, sai na zura wata tsohuwar singileti da ɓera ya gama yi wa ado, na ɗora babbar riga a kai. Wa zai gani? Na ɗora hula, na fito ina ƙamshin sabuwar shadda, ina ɗaga hannun riga kamar wani ɗan majalisa.

Ko da na isa, gari ya taru a bakin Sahara. Maza sun yi layi a gaɓar gari, mata da yara sun cika inuwar bishiyoyi. An shimfiɗa wa dagaci darduma, ga surukina zaune a damansa yana jan carbi. Na gaishe su na hau dutse.

A can sama abokina ya canja fuska, ya zama wani mutum daban. Ya ce, "Saurara da kyau, abin da nake gaya wa baƙi a can shi zan gaya maka. Wannan ɗamarar za ka zura ƙafafunka a ciki kamar wando, in ɗaure ta a ƙugunka. Wannan bel ɗin mai ruwan ɗorawa shi ne ranka, daga cikinka ya tashi ya kama wannan ƙarfen mai tayoyi biyu da yake gudu a kan waya. Hannunka a kan bel, kar ka kuskura ka taɓa waya. Da ka tashi cikinka zai yi kamar ya faɗo, ba komai, kowa haka yake ji. In ka tsaya a hanya, ka zauna shiru kar ka taɓa komai, ni zan zo in ɗauko ka. Me ke aljihunka?"

Na miƙa masa wayar salula da makulli. Wuƙar tana can ƙasan aljihun wando, na manta da ita sam.

Ya ce, "Yauwa. Cire rigar."

Na ce, "Wace rigar?"

"Babbar rigar mana. Ba a hawa da kaya masu yawo."

Na leƙa ƙasa. Ga dagaci, ga surukina, ga matan gari har da ƙawayen matata, duk sun ɗaga kai suna kallona. Na matso kusa da kunnensa na gaya masa halin da singiletina take ciki. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce duk da haka sai na cire. Na ce to a fasa. Ya dubi taron da ya tara, ya dubi dagaci da ya fara duba agogo. Nan shi ma ya yi nasa kuskuren. Ya tattare rigar ya cusa ta cikin ɗamara, ya ƙulle hannuwanta a bayana, ya ja ya ga ta kama. Ya kifa min hular kwano da ta fi kaina girma, ya ce, "Bismillah. Ɗaga ƙafa."

Na ɗaga.

Jama'a, gaskiyar mutumin bidiyon nan da yake dariya. Farkon abin akwai daɗi. Cikina ya faɗo kamar yadda aka ce, sannan iska ta daki fuskata, tayoyin suna wani zuuu a saman kaina. Na hango garinmu gaba ɗaya, rumbuna, kararen dawa a tsaye a gonaki, hayaƙin suya yana tashi daga kowane gida, har hasumiyar masallacin Juma'ar garin gaba. Na ji ihun mutane a bayana. Har na fara tsara yadda zan ba da labari a kasuwa.

Sai na ji ƙullin bayana ya saki.

Sabuwar shadda mai sitaci, ta samu iska. Rigar ta buɗe ta cika fam, ta ja ni baya, gudun ya ragu. Na fara juyawa kamar an murza ni. Hannun rigar na hagu ya tashi sama, na ji wani ƙara gurrr, tayoyin suka cafke shi suka yi ta ci. Ina juyawa, rigar tana naɗewa. Sai tsit. Komai ya tsaya.

Na tsaya a daidai inda wayar ta fi lotsawa, tsakiyar Sahara. Da na saci kallon ƙasa ta gefen hular, babu yashi a ƙarƙashina, baƙaƙen duwatsun nan ne. Tsayin kuwa, ko an ɗora gidan sama a kan gidan sama ba zai taɓo ƙafata ba.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi shi ne, da tayoyin suka cinye hannun rigar, sai wuyanta ya haura ya kama ni a ƙarƙashin haɓa. Aikin zaren nan mai tauri da na biya kuɗi aka yi min, shi ya dawo yana yanka min maƙogwaro. Dole na kama sama da hannun hagu na ɗan ɗaga jikina, in na saki kaɗan sai numfashi ya yanke. Hular kwanon ta zamo ta rufe min ido ɗaya.

Na juya ina neman abokina a kan dutse. Na hango shi yana ɗaga hannu yana faɗar wani abu, iska ta kwashe maganar. Sai na ga ya juya ya ɓace. Daga baya na san dalili: ɗaya ƙarfen mai tayoyi yana can gindin rimi, dole ya sauka ta bayan dutse, ya zagayo, ya ƙetare Sahara da ƙafa, sannan ya jawo kansa zuwa wurina. Amma a lokacin abin da na gani kawai shi ne mutumin da ya ce zai zo ya ɗauko ni ya gudu.

Daga gaɓa ihu ya kaure. Wani na cewa in girgiza wayar, wani na cewa in tuɓe rigar, mata suna salati. Hannuna na hagu ya fara gajiya. Na san ba zai daɗe yana ɗauke da ni ba. Na shiga laluben jikina da hannun dama, ban ma san me nake nema ba, sai na ji tudun wuƙar maƙwabcina a cinyata.

Na zaro ta da ƙyar ta ƙarƙashin ɗamara, na buɗe ta da haƙori. Rana ta haska ta, mutanen gaɓa suka gani. Sai muryoyin nan da suka rarrabu suka haɗu wuri ɗaya.

"Yauwa! Yanke rigar!"

"Yanka! Yanka!"

Har da muryar manya. Ni ma abin da hankalina ya ba ni ke nan. Na ɗaga wuƙar sama da kaina, inda na ji rigar ta ɗaure tam kamar tufkar igiya. Ba na ganin wurin, hula ta tare. Na ɗora kaifin na fara gogawa. Na ji shadda tana tsagewa, na ji daɗi, na ƙara dannawa. Sai na ji wuƙar ta tarar da wani abu mai tauri. Na ce a raina aikin zare ne, bari in ƙara ƙarfi.

A nan ne aka kira sunana.

Ba laƙabin kasuwa ba, ba wanda abokai suke tsokanata da shi ba. Sunan da aka raɗa min ranar suna, cikakke, daga ƙasa, daidai ƙarƙashin ƙafata. Muryar na san ta tun kafin in san kaina, amma ban taɓa jin ta ɗauke da wannan sunan ba. Hannuna ya tsaya cak. Na ɗauka mutuwa ce ta zo, don an ce mutum yana jin abubuwa.

Aka sake kira, da ƙarfi.

Na karkatar da kai, hular ta zame gefe. Mahaifiyata ce tsaye a kan duwatsun nan, ita kaɗai, babu mayafi, babu takalmi. Ashe ta ɗauko kwanon nama za ta kai wa yayarta a unguwar ƙetare, hanyar kuwa ta cikin yashin ta bi. Duk garin suna gaɓa suna ba da shawara daga nesa, ita ce kaɗai ta zo ƙarƙashina, shi ya sa ita kaɗai ta ga abin da ke sama da kaina.

Na ce, "Na'am, Inna." Muryata kamar ta ɗan akuya.

Ta ce, "Ɗauke wuƙar nan daga wurin. Rigar ta naɗe da igiyarka, tare kake yanka su."

Gaɓa ba su ji ta ba, suna ta "Yanka!" Ta juya ta ɗaga musu hannu ɗaya. Ban san me suka gani a fuskarta ba, amma ihun ya mutu kamar an zuba wa wuta ruwa.

Na ce, "Inna, ta shaƙe ni."

"Na gani. Wanda aka shaƙe ba ya magana. Kana magana, kana numfashi. Ninke wuƙar."

Na sauko da hannun a hankali. Tafina ya jiƙe da gumi, ƙotar tana zamewa, kaifin yana kallon ƙasa, ita kuma tana daidai saitinsa. Na ce, "Ki matsa, Inna, don Allah ki matsa, za ta suɓuce min."

Ta ce, "Ba inda za ni. In faɗowa za ka yi, a kaina za ka faɗo. Ninke ta."

Ban taɓa sanin ninke wuƙa aiki ne ba sai ranar. Hannu ɗaya, jiki yana lilo. Na dafa bayanta a cinyata, ta goce. Na sake dafawa, ta yanke min wando. A na ƙarshe na ji ƙyas, ta rufe. Na wurga ta gefe iya ƙarfina, na ji ƙararta a kan dutse nesa da ita.

Ta ce, "Madalla. Yanzu kama da hannu biyu."

Na kama. Wuyana ya ɗan samu sarari. Amma ɗamarar ta daɗe tana cin cinyoyina, ƙafafuna sun mutu, ba na jin su sam. Wani duhu ya fara shigowa ta gefen idona, barci mai daɗi yana ja na. Sama da kaina kuma ina jin wani ɗan ƙara, ƙis, ƙis, ban sani ba ko shadda ce take ƙarasa tsagewa ko bel ɗin da na fara yanka. Na kasa tambaya.

Ta sake kiran sunana. "Kar ka rufe ido. Dube ni."

Na dube ta. Shekara talatin da wani abu ina neman matar nan ta haɗa ido da ni, sai ga shi ta haɗa, ina rataye kamar naman layya. Idonta a bushe, ko ƙiftawa ba ta yi. Ta sa ni na yi ta maimaita La haula, ina yi tana yi. Da ta ga kaina yana langaɓewa, sai ta ɗaga murya, a gaban dagaci, a gaban surukina, a gaban duk wanda take jin kunya a duniya.

Ta ce, "Ranar da zan haife ka ma haka ka maƙale, tun asuba har la'asar. Ungozoma ta ce a haƙura da kai a ceci uwar. Ban haƙura ba. Yau ma ba zan haƙura ba, sai ka riƙe."

Ban taɓa jin wannan labarin ba, ko a bakin kakata. Barcin nan ya washe. Na damƙe bel ɗin har farcena ya shiga tafina.

Can na ji wayar tana rawa. Abokina ne yake tahowa ta ɓangaren rimi, a kwance a ƙarƙashin waya, yana jan kansa hannu bayan hannu, yana haki kamar zai shiɗe. Da ya iso sai ya maƙala min wata ƙugiya a ɗamara, ya haɗa ni da nasa ƙarfen, ya ja ya tabbatar, sannan ya saki numfashi. Ya zaro almakashi ya tsaga wuyan rigar, iska ta shiga ƙirjina har sai da na yi tari. Ya warware tufkar da ke sama, ya tsaya yana kallo. Ya juyo min da bel ɗin nan mai ruwan ɗorawa. Na ci fiye da rabinsa, sauran zaren suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Wa ya hana ka ƙarasawa?"

Na nuna ƙasa. Muka leƙa tare. Babu kowa a kan duwatsun.

Haka ya ja ni har gindin rimi, babbar rigata tana can a maƙale a tsakiyar waya tana kaɗawa. Aka kwance ni, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zube a kan kunyar gonar mahaifina. Gari ya ƙetaro a guje. Aka yi ta hamdala, aka yi ta sannu, har aka tabbatar ba abin da ya same ni. Sannan idanu suka sauka a kan singiletin. Wani ya fara ƙunshe dariya, sai ta ɓarke gaba ɗaya. Surukina ya kawar da kai yana ta jan carbi da sauri. Abin da na hau waya da riga don in ɓoye, ga shi na nuna wa gari har da baƙin Sallah.

Ƙanwata ce ta tsinto takalman Inna a cikin yashi, ɗaya nan ɗaya can, da kwanon a kife, nama ya sha ƙasa. Ita kuwa tana ganin an maƙala min ƙugiya ta juya ta koma gida ta bayan gari, ba ta yarda ta haɗu da kowa ba.

Washegari da safe na je gaishe ta. Tun a hanya nake tsara abin da zan ce, har na haddace. Na same ta a tsakar gida tana juya suya, ta ba ƙofa baya. Na tsuguna. Ƙafafunta duka biyu a naɗe da tsumma, man kaɗanya ya jiƙa shi, jini ya ɗan fito ta diddige.

Na ce, "Inna, ina kwana."

Ta ce, "Lafiya," ba ta juyo ba. Ta ci gaba da juya nama. Duk abin da na haddace ya gudu. Na daɗe a tsugune, sai na ji ta ce wa ƙanwata, "Ki gaya wa wancan ya sayi singileti."

Na yi dariya na tashi. Ina kaiwa zaure dariyar ta juye, na jingina da bango na yi kukan da rabona da irinsa tun ina yaro.

Lilon bai mutu ba. Dagaci ya rufe shi, daga baya ya bari aka buɗe, abokina ya yi 'yan shekaru yana ɗora samari, kuma ko hakimi ne ya zo sai ya tuɓe riga an lalube aljihunsa. Ni dai ban ƙara ba. Matan gari sun daɗe suna tsokanar Inna, wai ashe bakinta ya iya sunan. Ta ce ita ba ta san zancen ba, mai jarka ta hango a ƙetare take kira, manjanta ya ƙare.

Na yi shekaru ina auna matar nan da abin da bakinta bai faɗa ba, ban taɓa tsayawa na dubi inda ƙafarta take zuwa ba. Yanzu in na tuna kunun nan da yake isowa a hannun wani, sai in tambayi kaina wa ya tashi ya dama shi. Har yau in na tuna ƙis-ƙis ɗin bel ɗin nan tsigar jikina tashi take, amma in aka ce in mayar da ranar a ba ni rigata sabuwa, ba zan karɓa ba.

Maƙwabcin rumfata ya ce, "To yanzu in hau ko kar in hau?" Na ce ya hau abinsa, akwai daɗi. Ya dai cire babbar riga ko me ke ƙarƙashinta, ya zazzage aljihunsa, in ya maƙale ya zauna shiru, kuma kar ya saurari mutanen gaɓa.

Inna tana nan, ta tsufa, ido ya yi rauni. Ba ta ƙara kiran sunan ba, ni ma ban ƙara jira ba. Ran Juma'ar da ta wuce ina zaune a zaure, na ji ta daga ciki tana cewa jikarta, "Je ki gaya wa wancan..."

Ban bari yarinyar ta taso ba. Na ce, "Na'am, Inna."